Kwanon Tudric na kuza: wata takwas a hannuna

Wata takwas ke nan da na sayi wani tsohon kwano a shagon kayan tarihi a Birmingham, fam 160 bayan ciniki ya ja. Daga nesa sai ka rantse azurfa ce, amma kuza ce aka gauraya da ɗan tagulla da wani ƙarfe da ake kira antimoni, don ta ƙara tauri. Ni da na tashi a Jos ina ganin tsofaffin ramukan haƙar kuza cike da ruwa, ban taɓa kawo wa raina cewa abin nan yana zama kayan ado haka ba.

A gindinsa an buga TUDRIC da wata lamba mai farawa da sifiri. Sunan kayan kuza ne da kantin Liberty na Landan ya fito da su a farkon shekarun 1900, a lokacin kamfanin W. H. Haseler na nan Birmingham ke ƙera masa. Tun 1899 Liberty ya fara sayar da irinsu na azurfa da sunan Cymric, sai aka yi na kuza domin masu ƙaramin aljihu.

Zanen ne ya kama ni. Wasu layuka ne sirara da suka taso daga gindi, suka sarƙe da juna, wannan ya bi ta ƙarƙashin wancan, suka ƙare da ganye uku. Duk sanda na kalle su sai dagin aikin babbar riga ya faɗo mini a rai. Salon mai zane Archibald Knox ne, mutumin tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ireland, wanda ya ɗauko sarƙar daga tsofaffin duwatsun gicciye na tsibirinsu. Abin da na fi so shi ne bai cika jikin kwanon da ado ba. Ya bar fili, ido ya huta. Kayan kuzan Jamus na wancan zamani, irin na kamfanin WMF, sun fi yawan furanni da siffofin mata, ni kam sun yi mini nauyi.

Mai shagon ya yi ta nanata mini cewa aikin Knox ne. Na saya, amma mai saye ya lura: a wancan zamani Liberty ba ya buga sunan mai zane a jikin kayansa, kuma ba Knox kaɗai ya yi wa Tudric zane ba. Lambar gindi ake dubawa a gwada da tsofaffin kundayen kantin. Haka kuma sai da na isa gida na gano wata 'yar lotsewa a baki da aka juya ta bango.

Kuza fa ba ta da ƙarfi. Kwanon ya taɓa zamewa daga hannuna kan tebur, ya ƙara lotsewa ta biyu. Zafi ma ba ta so, don haka dabino da goro kawai nake zuba wa baƙi a ciki.

Babban kuskurena kuwa sabo ne na gida. Mu mun saba a goge kwano da toka da soso sai ya ɗauki ido. Na gwada man goge ƙarfe a gefe ɗaya, dushi-dushin da shekara ɗari ta shimfiɗa ya tafi cikin minti biyu. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun ishe shi. Wannan gefen mai ƙyalli yanzu shi nake juyawa bango.