Littafin jimloli ko Hangul: wanne za ki riƙe kafin Seoul?

Hajiya, ki bar littafin jimlolin Koriyancin nan, ki koyi haruffan Hangul, wato rubutun Koriya. Na sayi irinsa kafin tafiyata ta farko, har yau yana cikin durowa da ledarsa rabi a ɓare. Ba wai ƙarya ke ciki ba, sai dai an rubuta Koriyancin da boko irin na Turawa: kalmar tambayar farashi sun sa "eolmayeyo", ni kuwa na yi ta cewa "e-ol", alhali "olmayeyo" ake faɗa. Mai shago ta yi ta kallona kawai.

Hangul kuwa haruffa 24 ne na asali, baƙaƙe 14, wasula 10. Sarki Sejong ne ya sa aka ƙirƙire su a 1443 don talaka ya iya karatu, shi ya sa ba su da wuya. Ni da na yi allo, kwana biyu na haɗa baƙi. Ranar da suka yi mini rana ita ce a wani ƙaramin shago kusa da kasuwar Dongdaemun. Yunwa ta ci ni, na ɗauki taliyar kofi, na juya bayanta, sai ga 돼지고기, wato "tweji gogi", naman alade. Na ajiye a hankali. Tsohuwar da ke wurin ta lura, na ce mata "tweji gogi mot mogoyo", ba na iya cin alade. Ta yi dariya, ta tashi da kanta ta zaɓo mini wata, tana nuna mini rubutun da yatsa. Littafi ba zai karanta miki bayan leda ba.

Jimlolin da za ki buƙata ba su kai yatsun hannu biyu ba. "Annyonghaseyo" gaisuwa, "kamsahamnida" godiya, "igo juseyo" ba ni wannan, "kkakka juseyo" a rage mini, amma wannan a kasuwa kawai, kada ki faɗa a babban kanti. "Hwajangsil odiyeyo" ina banɗaki. Giya "sul" ce, ki riƙe ta ita ma. Kuɗi da "man" suke ƙirga shi, dubu goma ke nan, don haka "sam-man won" dubu talatin ne na won, kuɗin ƙasar, a nan baƙi suka fi rikicewa. Sauran ki bar wa Papago, manhajar fassara a waya. In kin gaji da binciken abinci, ki nufi Itaewon wajen babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976, akwai gidajen halal a kewayensa.

Kuma ki yi hattara da masu tallan "Koriyanci cikin kwana bakwai" a WhatsApp. Darussan kyauta suke kwasowa daga intanet su sayar miki, wani ma ya haɗa da alƙawarin biza. Kada ki tura ko sisi.