Sayen hannun jari bayan bala'i: a afka, a jira, ko a saya kashi-kashi?

Duk lokacin da girgizar ƙasa ko guguwa ta afka wa wata ƙasa, farashin hannayen jari ya kan faɗi, mai kuɗi a hannu kuma sai ya ga kamar garaɓasa ce ta samu. Hanyoyi uku ne a gabansa.

Ta farko ita ce zuba kuɗin duka a ranar da kasuwa ta fara faɗuwa. Girgizar ƙasar Japan ta auku ranar Juma'a 11 ga Maris 2011. Ranar Litinin Nikkei, ma'aunin kasuwar hannayen jarin Japan, ya sauka da kusan kashi 6 cikin ɗari. Wanda ya ce nan ne ƙarshen faɗuwar ya saya, washegari ya ga an ƙara zubewa da fiye da kashi 10, domin matsalar tashar nukiliya ta Fukushima ta ƙara tsananta. A kwanakin farko ba wanda ya san girman ɓarnar, har da gwamnati. Idan kuma da bashi aka saya, abin ya fi muni. Bayan girgizar ƙasar Kobe a Janairun 1995, Nick Leeson, wani ma'aikacin bankin Barings na Birtaniya, ya ci gaba da cacar cewa Nikkei za ta farfaɗo, asarar ta kai fam miliyan 827, bankin Barings ya rushe.

Jira har komai ya lafa kuwa ba dabara ba ce. Kafin labari ya yi daɗi farashi ya riga ya tashi.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne saye kashi-kashi a asusun da ke bin ma'aunin kasuwa baki ɗaya. A ware kuɗin da ba za a buƙata ba nan da shekara biyar, a raba shi gida huɗu ko shida. Kashin farko a bari sai an yi mako guda, sauran kuma wata-wata, a ranar da aka rubuta tun farko, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Kowane saye a ba dillali umarni mai ƙayyadadden farashi, domin a irin wannan lokaci tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa tana faɗaɗa sosai. Wani lokaci ma kasuwar rufewa take yi: ta New York ta rufe kwana biyu a Oktoban 2012 saboda guguwar Sandy, ta Istanbul kuma ta yi mako guda a rufe a Fabrairun 2023 saboda girgizar ƙasa, har aka soke cinikin ranar 8 ga watan.

Dalilin zaɓar asusu a kan kamfani ɗaya shi ne kasuwa ta kan murmure, amma kamfanin da aka ɗora wa alhakin ɓarna ba lallai ya tashi ba. Hannun jarin TEPCO, kamfanin da ke da tashar Fukushima, ya faɗo daga sama da yen 2,000 zuwa ƙasa da 200 cikin wata uku. Kamfanin wutar lantarki na PG&E ya nemi kariyar fatara a Janairun 2019 bayan gobarar dajin Kalifoniya.

Sai 'yan damfara, waɗanda bala'i kakarsu ce. Bayan guguwar Katrina a 2005 sai da hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannayen jarin Amurka, ta gargaɗi jama'a a kansu. Salonsu bai canza ba: su tara hannun jarin wani ƙaramin kamfani da ba a ciniki da shi sosai, su baza saƙo a WhatsApp ko Telegram cewa ya samu kwangilar sake gina gari, jama'a su yi rububi, farashi ya tashi, su sauke kayansu su ɓace. Kafin a biya ko sisi, a duba sunan dillalin a rajistar hukumar da ke kula da kasuwar, a nemi sanarwar kwangilar a shafin kasuwar kanta, a karanta rahoton kuɗin kamfanin da aka tantance. Wanda ya yi alƙawarin riba tabbatacciya, ko ya ce yau ce rana ta ƙarshe, ko ya nemi a tura kuɗi asusun banki mai sunan mutum, a toshe lambarsa nan take.