Me za ka saya don ɗaukar hoton furanni kusa-kusa?

Daga Yuli zuwa Satumba kowane fili a Kano sai ya yi kore: tafasa da furenta rawaya, duman rafi a bakin kududdufi, gasaya, karkashi, ga tumfafiya da ba ta damu da damina ba. Ka miƙa wayarka kusa da fure sai hoto ya fito dishi-dishi, domin kowane gilashin kyamara yana da iyakar kusancin da zai iya gani. Kayan da ake saya duk wannan matsalar suke magancewa.

Mafi arha shi ne ɗan gilashin nan mai matsewa da ake maƙalawa a bayan waya. Ana samunsa a kasuwar waya ta Farm Centre da Beirut Road. Yana aiki, amma sai ka kusa taɓa furen, inuwar hannunka ta rufe shi, gefen hoton kuma ya kan gurɓace. Gwada shi a kan wayarka a gaban mai shago. Wayoyi masu ido uku ko huɗu a baya, wani matsin ba ya zama daidai a kansu.

Kada rubutun "makro", wato idon ɗaukar hoto kusa-kusa, a kwalin waya ya ruɗe ka. A wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa, wannan idon megafiksel 2 ne kacal, ado ne kawai. Gara ka ɗauka da babbar kyamarar ka yanko hoton. iPhone 13 Pro, wadda ta fito a 2021, da irinta da suka biyo baya suna iya gani daga santimita 2, kuma hotonsu na da kyau. Sai dai ni ba zan ce ka sauya waya saboda fure ba.

Idan kana da kyamarar Canon ko Nikon mai cire gilashi, a nan zaɓin ya fi daɗi. Akwai zoben da ake sawa tsakanin kyamara da gilashinta. Ba gilashi a cikinsa, nisanta su kawai yake yi, sai gilashin da kake da shi ya iya matsowa. Yana rage haske, kuma in yana ɗaure ba ka iya ɗaukar abin da ke nesa. Nemi mai ƙarafan lantarki a baki, in ba haka ba kyamara ba za ta iya sarrafa gilashin ba.

Sannan gilashin makro na ainihi, irin Tamron 90mm ko Canon 100mm, wanda ke kawo abu a girmansa na zahiri, wato 1:1. Abin da kake biya a nan tazara ce. Kana ɗan nesa, haske na shiga, kudan zuma bai tashi ba, bayan furen ya narke ya zama launi ɗaya. Na hannu ya ishe ka, amma haska shi da tocila ka duba ciki: ƙurar hunturu kaɗan ba komai, saƙar fumfuna mai kama da yanar gizo-gizo kuwa, mayar masa da kayansa.

Da ni ne mai kyamara, da zobe zan fara, ragowar kuɗin in sayi ƙaramar ƙafar ɗora kyamara. Iska ce babbar abokiyar gaba, shi ya sa ake fita da sassafe lokacin da take kwance, kafin furen kuɓewa da na rama su yanƙwane. Ka tafi da ƙyalle baƙi ka riƙe a bayan furen, ka kuma sa tsohon wando, don durƙuso za ka sha.