Gilashin Hoya PROND64: ya cancanci kuɗinsa ga mai ɗaukar hoton ruwa

Sau da yawa hoton da ka gani ruwa ya zubo lumui kamar auduga, da irin wannan baƙin gilashi aka ɗauke shi. Ana murɗa shi ne a bakin lens, ya rage haske ninki 64. Ke nan inda kyamara ta ba ka 1/125 na daƙiƙa a matsayin lokacin shigar haske, da shi za ka samu kusan rabin daƙiƙa. Wannan ya wadatar a matsirgar Gurara da ke Jihar Neja da damina: ruwan zai yi laushi, amma zarensa bai ɓace ba. ND1000 kuwa, wato gilashin da ke rage haske ninki 1000, zai kai ka daƙiƙa takwas, ruwa mai ƙarfi ya koma farin hazo kawai. Shi ya sa na fifita 64.

Launi yana fitowa kusan yadda yake, ba kamar na araha da ke sa dutse ya yi ja-ja ba.

Kafin ka saya, duba lambar da ke gefen alamar ø a jikin lens, wato faɗin bakinsa, misali 67 ko 77, don kada gilashin ya ƙi shiga. Dole ka kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, ka sa ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) a 100 da faɗin ƙofar haske a f/11, ka saita fokas tun kafin ka ɗaura gilashin, sannan ka sa jinkirin daƙiƙa biyu saboda girgizar yatsa.

Babbar matsalar ita ce feshi. Ɗigo ɗaya ya ishe shi ɓata hoto, don haka a riƙa gogewa da ƙyalle mai laushi bayan kowane ɗauka. Kuma kada a ɗaure shi tamau, yana cijewa.