Modbus TCP ko MQTT: wanne ya fi sauƙin gano matsala?

Ɗan'uwa, ka ce getwe ɗinka, wato na'urar da ke karɓar bayanan sensoci ta miƙa su ga netwok, na amsa ping, saƙon gwajin da ake aikawa a ga ko na'ura za ta amsa, sensocin marasa waya duk sun hau, amma manhajar sa ido ba ta nuna komai, kana tambaya ko ka bar Modbus TCP ka koma MQTT, tsare-tsare biyu da na'urori ke musayar bayanai da su. Kada ka yi gaggawa. Ping shaida ce kawai cewa adireshin IP na nan da rai, ba ta ce ƙofar da bayanai ke bi a buɗe take ba.

Babban bambancinsu shi ne wa ke fara sallama. A Modbus manhaja ce ke zuwa ta tambayi getwe ta ƙofar netwok (port) mai lamba 502. A MQTT getwe ne ke fita ya kai bayanai wurin dillali (broker), wato kwamfutar da ke karɓar saƙonni ta rarraba su, ta ƙofa ta 1883, ko 8883 in da TLS, tsarin da ke kulle bayanai a hanya, manhaja ta karɓa daga can. To a na farko sai ka duba ko katangar tsaro (firewall), mai tace abin da ke shiga da fita netwok, ta bari a shiga wurin getwe, a na biyu kuwa ko ta bar shi ya fita.

Modbus tsoho ne, tun 1979 kamfanin Modicon ya fito da shi, amma ba ya ɓoye ciwonsa. In ya maido kuskure 02, haɗi lafiya lau, adireshin rajista, wato gurbin da na'ura ke ajiye adadi, ne ba daidai ba. Sau da yawa adireshin 40001 da ke takardar bayanin na'ura sifili ne a cikin saƙon, sai a zame da ɗaya. In 0B ne, getwe ya ji ka, na'urar da ke bayansa ce ta yi shiru: duba lambarta, batirinta da siginar rediyo. In kuwa adadi ya fito amma na hauka, zafi ya koma miliyoyi, rajista biyu ke ɗauke da shi, an sa ta gaba a baya.

MQTT ya fi shiru da laifinsa, abin da ke ba ni haushi ke nan. Babban harafi ɗaya ya bambanta a sunan tofik, wato taken da ake aika saƙo a ƙarƙashinsa, haɗi na nan garau, bayanai babu, kuma ba wanda zai ce maka uffan. Na'urori biyu masu sunan shaida iri ɗaya su yi ta korar juna daga dillali. Agogon getwe ya kauce, TLS ta ƙi satifiket, wato takardar shaidar dillali. Ga saƙon da dillali ke ajiyewa, ya nuna maka adadin jiya kamar na yanzu.

A ganina, in manhaja da getwe suna netwok ɗaya cikin masana'anta, zauna kan Modbus ka gyara. In bayanan za su tsallaka intanet, nan ne MQTT ya fi, don Modbus TCP ba shi da kalmar sirri, kada ka kuskura ka buɗe 502 ga duniya.

Yanzu dai kunna Wireshark, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke wucewa a netwok, a kwamfutar da manhajar take, ka tace da tcp.port == 502, ka turo mana abin da ya fito.