Fam, laba da daka: "pound" ɗaya ce ko uku?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko "pound" ta kuɗin Ingila ita ce ta cikin "pounded yam", wato sakwara, ko kuwa ita ce wadda ake faɗin nauyin 'yan dambe da ita. Kalmomi uku ne daban suka tara rubutu ɗaya da lafazi ɗaya, ma'anarsu kuma huɗu. Biyu daga ciki uwa ɗaya uba ɗaya ne. Sauran biyun takwarori ne kawai.

'Yan'uwan jinin su ne ta awo da ta kuɗi. Romawa suna da kalmar "libra", sunan sikeli kuma sunan wani ma'aunin nauyi. Sukan ce "libra pondo", wato libra ɗaya a bisa awo. Da kakannin Turawan Ingila da na Jamus suka tashi aro, sai suka ɗauki "pondo" suka bar "libra". Daga nan ta zama "pund" a tsohon Ingilishi, "Pfund" a Jamusanci. Amma fa a baki ne kawai aka yar da libra, a takarda tana nan daram. Ita ce "lb" ɗin da kake gani a jikin kwali, kuma alamar £ harafin L ce aka yi wa ado. Lirar Turkiyya ma jikarta ce.

To yaya awo ya zama kuɗi? Tun wajen zamanin Sarki Offa na tsohuwar masarautar Mercia da ke Ingila, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796, ake buga ƙananan tsabar azurfa a Ingila, kuma lissafin shi ne guda 240 ke fita daga "pound" ɗaya ta azurfa. Ka ga ke nan asalin fam nauyin azurfa ne. Azurfar ta ɓace daga kuɗin, lissafin bai ɓace ba: kwabo 12 sule, sule 20 fam, kwabo 240 cif. Haka aka yi ta tafiya har ranar 15 ga Fabrairu, 1971, da Birtaniya ta raba fam gida 100. Ita kuwa ta awo, a yau nauyinta giram 453.6 ne, oza 16.

Nan ne abin ya fi burge ni, domin Bahaushe ya raba abin da Bature ya haɗe. Na kuɗi ya ce masa fam, da yake bakinmu ya saba mai da "p" ta koma "f". Ta awo kuwa ya ce mata laba, daga "lb" ɗin nan da ake rubutawa. Wato libra da Bature ya daina furtawa, a bakin mahautanmu da 'yan awo ta farfaɗo. Fam ɗin ma bai mutu ba da naira ta shigo ranar 1 ga Janairu, 1973, aka canza fam ɗaya a kan naira biyu. Shi ya sa dattijo a kasuwar shanu zai ce maka fam goma yana nufin naira ashirin, kuma jaka, wadda fam ɗari ce, ta tsaya a naira 200.

Ta sakwara ba ta da haɗi da Romawa ko kaɗan. Aikatau ce 'yar gida, "punian" a tsohon Ingilishi, ma'anarta daka ko dandaƙa. Da can ma babu "d" a ƙarshenta. Wajen ƙarni na 16 aka liƙa mata, kamar yadda aka liƙa wa "sound", sai ta wayi gari da kamannin waccan. Ita ake amfani da ita idan ana dukan ƙofa da ƙarfi, ko zuciya na dukan uku-uku, ko kai yana sara.

Ta ukun ba kowa ya san ta ba: garke ne na tsare dabbobi. A ƙauyukan Ingila na da, akan gina ɗan shinge na dutse, saniya ko tunkiyar da ta shiga gonar wani a kulle ta ciki, sai mai ita ya biya tara a sake ta. Daidai da yadda ake kai akuyar da ta yi ɓarna ƙofar gidan mai unguwa a ɗaure. Daga ita aka sami "impound", kalmar da za ka ji idan jami'ai sun kama mota sun kai ta ma'ajiya. "Pond", wato kududdufi, ƙanwarta ce: ruwan da aka tare.

Kada ka kwatanta wannan da garin tuwo da garin Kano. Mu a rubutu ne suka zo ɗaya, da an furta kunne zai raba su. Su kuwa duka ukun furuci ɗaya gare su, sai dai ka duba abin da ke kewaye da kalmar. In lamba ta gabace ta, kuɗi ne ko awo. In aiki ake yi da ita, daka ce ko duka. In wuri ne ake kai kare ko mota, garke ne.

Mu ma dai ba mu tsira ba. Je ka ofis ka ji ana cewa a zo a cike fam. Wannan ba na kashewa ba ne, daga "form" ya fito.