Wane littafin tatsuniyoyin Girka za a saya wa ɗalibai?

Malamin adabin da ke son ɗalibansa su san Zeus, sarkin allolin Girka, da jarumin nan Odysseus zai tarar da littattafai barkatai, kusan duk da Turanci. Kafin ya zaro kuɗi, ya fara duba shekarun yaran.

Ga 'yan firamare akwai D'Aulaires' Book of Greek Myths na 1962. Faffaɗa ne, cike da zane mai launi, kuma an tace abubuwan kunya, domin allolin nan akwai su da kishi da neman mata. Kwafi ɗaya ya ishi aji, malam na karantawa yana ɗaga hoton.

Jerin Percy Jackson, wanda ya fara fitowa a 2005, yara na rububinsa. Sai dai marubucin ya kwaso allolin ya zube su a Amurkar yau, har fadarsu ta Olympus ta koma saman wani dogon bene a New York. Yana sa yaro kwaɗayin karatu, amma ban ga yadda za a koyar da shi ba.

Ga 'yan sakandare, ni Mythology na Edith Hamilton zan ɗauka, na 1942. Kafin ta fara labari takan faɗi mawaƙin da ta samo shi wajensa, Homer ne ko Hesiod ko Ovid, sai ɗalibi ya gane cewa labari ɗaya yana da ruwaya fiye da ɗaya, kamar tatsuniyar da kowace kaka ke ba da ita da nata salon.

In kuma Homer ɗin ake so, a fara da Odyssey. Ɗaya waƙar tasa, Iliad, ba ta wuce 'yan makonni a shekara ta goma ta yaƙin Troy ba, dokin katakon da yara ke ɗokin gani ma ba ya cikinta. Odyssey kuwa tafiyar shekara 10 ce ta komawar Odysseus gida bayan yaƙin, ga dodo mai ido ɗaya da Odysseus ya yi wa wayo irin na Gizo, ya ce masa sunansa Ba-kowa. Fassarar Emily Wilson ta 2017 tana da sauƙin harshe.

In kuɗi ya ragu, a haɗa da The Gods Are Not to Blame na Ola Rotimi. Labarin Oedipus ne, wanda ya kashe ubansa ya auri uwarsa bai sani ba, Rotimi ya mai da shi ƙasar Yarabawa ya raɗa masa suna Odewale.